Ma'ajin tsoffin ɗalibai: abin da ya ci min fili ya taɓa min lafiya

Na daɗe ina son rubuta wannan labarin ina fasawa, wani lokacin sai na buɗe waya na fara sai zuciyata ta yi nauyi na goge. Abin da ya sa yau na daure shi ne wani ƙanina da ya kira ni shekaranjiya yana ta murna wai 'yan ajinsu sun zaɓe shi ma'aji, za su tara kuɗi su gyara makarantarsu. Na yi shiru har ya ce Yaya kana ji na kuwa? Na ce ina ji, zo gida da daddare. To abin da na faɗa masa a daren shi ne zan zuba a nan, ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi sunan makarantar ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Ni ɗan ƙauye ne, mahaifina manomi, bai taɓa riƙe alli ba ban da alƙalamin allo. Yayana na cikin yaran da aka kwasa lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta, a 1976, mai unguwa ne ya zo har ƙofar gida ya ce gwamnati na son yaro ɗaya, Baba ya bayar ba don yana so ba. Ni kuma da nawa lokacin ya zo ba a sha wahala ba tunda an riga an saba. Na ci komon entirans aka tura ni sakandaren kwana ta gwamnati a 1988, tafiyar kusan awa uku a mota daga garinmu, da akwatin ƙarfe mai zanen fulawa da bokiti da tabarma da ƙullin ƙuli-ƙuli da Inna ta cusa min a ƙasan kaya.

Wutsiyar gata muka tarar gaskiya. Siniyoyinmu suna ba mu labarin zamanin da ake raba sabulu da bargo da kuɗin motar hutu, mu zango ɗaya muka ga sabulun daga nan shiru, lokacin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ya fara cizo. Amma duk da haka abinci sau uku yana nan ko da gabza ce da miyar da za ka hango fuskarka a ciki, malamai suna nan, akwai 'yan Ghana biyu da wani Ba'indiye mai koyar da kemistiri, ana firef, wato bitar karatu, da daddare da fitilar ƙwai in wuta ta ɗauke. A makarantar na fara kwana a kan katifa. A nan na fara ganin talabijin sosai, ban manta daren da Najeriya ta ci Bulgeriya 3 da nema a gasar cin kofin duniya ta Amurka 94 ba, muna tsakiyar jarrabawar fita, muka cika tagar gidan wani malami tsakar dare kamar ƙudaje. Duk abin da na zama a rayuwa daga wannan makarantar ya fito, shi ya sa kullum nake jin kamar akwai bashi a wuyana.

Bayan na gama na yi difloma a akanta, na samu aiki a banki a matsayin kashiya, ina cikin jin daɗi aka zo haɗe bankuna na zamanin da Soludo yake gwamnan Babban Banki, wanda aka ce kowane banki sai ya tara naira biliyan 25, daga 89 suka koma 25, namu ya narke a cikin wani, farkon 2006 aka ba mu takarda. Da ɗan abin da aka sallame ni na buɗe shagon fotokwafi da kayan rubutu kusa da sakatariya, na sayi fili ɗaya a bayan gari na ce ko ba daɗe ko ba jima zan fita daga haya. Ku riƙe zancen filin nan.

A 2017 wani ɗan ajinmu ya buɗe mana guruf a WhatsApp. Kai, farkon abin daɗi! Mutanen da rabonka da su shekara 23, wannan ya zama kwamishina, wancan likita a Ingila, wani kanar, wani kuma yana facin taya a tasha, kowa ana kiransa da sunan tsokanarsa na makaranta. Kuma ba abin da muka fi ƙwarewa a kai kamar musu a kan ilimi. Lokacin ne gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu aka ce sama da 21,000 sun faɗi za a sallame su, mun yi sati biyu ana fafatawa, wasu na cewa daidai ne wasu na cewa zalunci ne, har mutum biyu suka fita daga guruf aka bi su da ban haƙuri. Kowa masani ne. Kowa ya san abin da ya kamata minista ya yi. Amma da za ka tambaye mu malamai nawa ne a makarantar da ta yaye mu, wallahi ba mai ba ka amsa, har da ni.

Disambar 2019 muka yi taron cika shekara 25 da gamawa, a cikin makarantar. Mun je da ankon shadda fara da hula iri ɗaya, motoci sun cika filin ƙwallo. Da muka zaga ne jikin kowa ya mutu. Hostel ɗin da na kwana shekara shida rabin rufinsa babu, yara sun ja gadajensu sun cure a ɓangaren da bai yoyo, wasu a ƙasa a kan kwali. Banɗaki ba ya shiguwa, daji suke zuwa. Na tsaya daidai kusurwar da gadona yake na ga wani yaro ƙarami zaune yana jiƙa kwaki a kofin roba, da akwatin ƙarfe irin nawa sak, sai kawai na ji hawaye, na juya baya na yi kamar ƙura ce ta shigar min ido.

A ɗakin cin abinci muka zauna mitin. Nan take aka ce a tara kuɗi, aka zaɓi shugaba, wani babba a cikinmu mai faɗa a ji, aka zo kan ma'aji kowa ya juyo ya kalle ni, ai ga ɗan banki nan. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutumin da yake fotokwafi yau ga manyan mutane sun ce shi suka yarda da shi, kaina ya ɗan kumbura.

Akwai abu ɗaya da ya faru a wurin wanda sai daga baya ya riƙa dawo min. Malaminmu na lissafi, wanda ya zo makarantar yana saurayi kafin mu shiga, har lokacin yana nan saura kaɗan ya yi ritaya, shi ne kuma mai kula da harkar jarrabawa. Aka ba shi dama ya yi magana don girmamawa. Ya miƙe da wata tsohuwar kaftani ya ce, 'ya'yana Allah ya yi muku albarka, amma in shawara kuke so, ɗaki ba shi ne ciwon farko ba. Ya ce shekara uku ke nan ba malamin fiziks, ɗan bautar ƙasa ne ke riƙewa in an samu, famfon burtsatse ya lalace yara suna tafiya cikin gari neman ruwa lokacin darasi, katanga ta zube ta baya kowa shiga yake. Ya ce kuma akwai kwamitin SBMC, na al'umma masu sa ido a kan tafiyar da makaranta, kujerar tsoffin ɗalibai a ciki ba wanda ya taɓa zama a kanta, ku ba mu mutum ɗaya mai zuwa mitin ya fi mana buhun siminti ɗari. Aka tafa masa. Aka ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Daga nan aka koma kan zancen hostel kamar bai yi magana ba, don hostel ne ake iya ɗauka a hoto a manna allo a jiki a rubuta aikin 'yan ajin 94. Malamin fiziks kuwa ina za ka manna masa allo?

Ni ma na ɗaga hannu a kan hostel.

Kuskuren farko, ƙungiyarmu ba ta da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, banki kuma ba ya buɗe wa ƙungiya asusu haka kawai sai da takardu, ni na fi kowa sanin wannan. Aka ce rajista za ta ɗau lokaci, ƙarfe da zafi ake dukansa, a tura a asusun ma'aji kawai kafin a gama. Na buɗe baki zan ce a'a sai shugaba ya ce haba, in ba mu yarda da kai ba da wa za mu yarda? Shi ke nan ya ɗaure ni da jijiyata. Alat ya fara shigowa, mai dubu biyar, mai dubu ɗari biyar, mai facin tayan nan dubu uku ya turo ya kira ni yana ba da haƙuri. Cikin wata biyu da 'yan kwanaki naira miliyan 7 da dubu 200 ta taru a asusun da nake karɓar kuɗin fotokwafi.

Kuskure na biyu, ba wanda ya rubuta wa ma'aikatar ilimi takarda. Makarantar gwamnati ce, ginin gwamnati ne, ko ƙusa za ka buga ya kamata a ce ofishin shiyya ya sani ya sa hannu. Firinsifal na lokacin ya ce ba komai ku fara zan sanar da su. Mu kuma muna ganin alheri muka kawo, wa zai tambayi mai kyauta takarda?

Na uku shi ne ya kashe ni. Akwai ɗan ajinmu ɗan kwangila, tare muka yi leba, tare aka zane mu, ya ce shi zai yi aikin ba riba saboda Allah. Wani injiniya a cikinmu ya ce a kawo mutum uku su yi farashi a rubuta yarjejeniya, aka yi masa caa, wai ɗan'uwa ne zai yi mana a ce sai an kawo bare? Wata ranar Talata bayan la'asar shugaba ya kira ni a waya ya ce tura masa miliyan 4 ya fara. Na ce ranka ya daɗe ko za ka ɗan rubuto min ko a saƙo ne? Ya yi dariya ya ce kai ɗan banki har yanzu ba ka bar halinka ba, tura kawai ina mitin. Na tura. Sati biyu bayan nan ya ce a ciro dubu 500 a kai masa a hannu don bikin ƙaddamar da aiki, rumfa da kujeru da abinci da 'yan jarida da allon marmara. Na ciro na kai har gida a ambulan, direbansa ma na miƙa wa don ya ce yana da baƙi. Sai kuma firinsifal ya kira yana roƙo, akwai yara 43 da ba su ci jarrabawar tantancewa ta kwalifayin ba, gwamnati ba za ta biya musu NECO ba, iyayensu ba su da shi, ana gab da rufe rajista. Shugaba ya ce a ba shi dubu 600, ai wannan ma aikin lada ne. Na kai da kaina, a ofis na ƙirga masa, ya yi ta addu'a har muryarsa na rawa, kunya ta hana ni cewa Yallaɓai rubuta min risit. Mutum yana maka addu'a ka katse shi ka ce sa hannu nan?

Shekara bakwai na yi a kejin kashiya ina ƙirga kuɗin mutane, ko naira ɗaya ba ta taɓa fita daga hannuna ba tare da takardar tela ba. Amma a kuɗin da ya fi kowanne nauyi a rayuwata na saki miliyan 5 da dubu 100 a kan muryar waya.

Ragowar miliyan 2 da dubu 100 ni na riƙe, na sayi kwano da katako da siminti, waɗannan duk da risit ɗinsu a fayil. Aiki ya fara, ba a yi wata guda ba korona ta shigo, Maris 2020 aka rufe makarantu aka rufe hanyoyi. Wata shida ba abin da ya motsa. Da aka dawo kaya sun tashi, simintin da muka yi lissafi a kan naira 2,500 buhu ya wuce nan, ɗan kwangila ya fara cewa kuɗi ba za su isa ba, yau ya ɗauki waya gobe ba ya ɗauka. Da ƙyar da jiɓin goshi aka rufa ɓangare ɗaya a watan Nuwamba, ba tagogi ba filasta, aka ɗauki hoto aka watsa a guruf, aka yi ta jera alamar tafi.

Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta Ƙanƙara suka kwashe yara sama da 300. Cikin kwanaki kaɗan jihohi suka fara rufe makarantun kwana, tamu na ciki, ga ta a bakin daji ga katangar nan da Malam ya faɗa a zube. Ana cewa za a buɗe sai ga satar ɗalibai a Kagara, sai ga ta Jangebe a Fabrairun 2021. Daga ƙarshe aka mai da makarantar jeka-ka-dawo, yaran nesa aka rarraba su. Hostel ɗin da muka zuba wa kuɗi ko yaro ɗaya bai taɓa kwana a ƙarƙashin sabon kwanonsa ba. Firinsifal aka yi masa canji zuwa wata shiyya. Damina ta zo iska ta ɗaga gefe ɗaya don ashe katakon ba a ɗaure shi da kyau ba, abin da iska ta bari ɓarayi suka ƙarasa.

Wata safiyar Asabar cikin Agusta ina karyawa, wani ya bi ta wajen ya ɗauki hoton kangon ya sa a guruf ya rubuta, miliyan bakwai ɗinmu ke nan. Kafin azahar saƙo ya fi 400. Da farko tambaya ake, daga baya aka daina tambaya. Aka ce ma'aji ya fito da sitetimen. Na fitar, to sitetimen ɗin asusuna ne na kaina, ga kuɗin ƙungiya ga kuɗin makarantar yarana ga cefane duk a haɗe, wani ya zagaye inda na biya dubu 85 na gyaran injin fotokwafi da jan layi ya ce ga shi nan. Aka ce ina shaidar dubu 500? Ina ta dubu 600? Na ce shugaba ne ya ba da umarni, yana nan a guruf ku tambaye shi. Ina kallon alamar ya karanta. Bai ce uffan ba. Na kira shi sau tara, a na goma ya ɗauka ya ce gaskiya abubuwa sun yi masa yawa ba zai iya tuna kowace magana ba, amma in kwantar da hankalina. Ɗan kwangila kuwa layinsa a kashe, an ce ya koma Abuja.

Sai saƙon murya ya fito. Minti huɗu da sakan goma sha ɗaya, har yau na san tsawonsa. Wanda ya yi shi mutum ne da muka raba kwano ɗaya shekara uku. Ya ce dama mutumin da banki ya kora me kuke tsammani, ya ce a bincika da me na sayi fili. Filin da na saya tun 2006! Saƙon bai tsaya a guruf ba, ya fita, ya shiga guruf ɗin wasu ajin, ya shiga unguwarmu. Na je masallaci asuba na ga wanda muke gaisawa kullum ya ɗauke kai. Babban ɗana yana aji biyar lokacin, ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci, da uwarsa ta matsa ya ce wani ya ce masa babanka ya ci kuɗin marayu. Ban san inda marayu suka shigo zancen ba, haka magana take in ta bar bakin mai ita.

Barci ya ƙaurace min. Sai in kwanta in ta lissafi a kai, miliyan 4 da dubu 500 da dubu 600, in tashi ƙarfe biyu in buɗe fayil in rufe. Na daina zuwa ɗaurin aure, na daina zama a majalisa. Wata rana a shago ina miƙa wa wata yarinya takardunta na ji ƙeyata kamar an buga guduma, hannuna na hagu ya yi sanyi, ban farka ba sai a gadon asibiti. Likita ya ce jinina ya haura 200, ya ce Allah ne ya tsare da an makara da ɓarin jiki ya tafi. Ya tambaye ni Alhaji me kake sa wa a ranka? Na ce ba komai. Matata da ke gefe ta ce ƙarya yake likita, ta fashe da kuka. Tun ranar nake shan ƙwaya kullum safe, kuma an ce har ƙarshen rayuwa.

Daga 'yan ajinmu sama da 100 mutum huɗu ne suka zo duba ni. Mai facin taya na ciki, ya zo da lemo a baƙar leda, ya zauna bai yi maganar kuɗi ba sam, da zai tafi ya ce ni dai dubu ukuna na yafe ko ma ina ta shiga.

Aka kafa kwamitin bincike na mutum biyar, injiniyan nan da aka yi wa caa shi ne shugaba, kuma Allah ya saka masa bai yi ramuwa ba. Suka je suka auna aikin suka ce abin da ɗan kwangila ya yi bai wuce na miliyan 2 da dubu 200 ba, saura miliyan 1 da dubu 800 ba a gan su a ƙasa ba. Suka je ofishin shiyya, jami'in ya buɗe fayil ya ce a wurinsu ba a taɓa yin wani aiki a makarantar ba, da ma ba mu nemi izini ba, da ya so ma sai ya ce mun taɓa ginin gwamnati ba bisa ƙa'ida ba. Tsohon firinsifal ya ce e an kawo kuɗi amma ba zai iya tuna nawa ba. Kowa ba ya tunawa, ni kaɗai ke tunawa, ni kuma ba takarda.

Ana cikin haka Malam ya ji labari, lokacin ya yi ritaya. Ya hau motar haya da kansa ya zo har gidana, tsoho da ciwon gwiwa. Na durƙusa zan gaishe shi ya ce tashi ɗana ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ya zaro wani littafi mai bangon kwali daga leda, irin na rajista, gefensa duk ya naɗe. Ya buɗe wani shafi, ga kwanan wata, ga rubutunsa da jan biro, an karɓi dubu 600 daga tsoffin ɗalibai 'yan 94 ta hannun ma'ajinsu, ga sunan yara 43 a jere kowanne da lambar jarrabawarsa, ga sa hannun firinsifal a ƙasa wanda shi Malam ya sa shi dole ya yi. Ya ce ni tun da na fara aiki ko kuɗin alli aka ba ni sai na rubuta, ana min dariya. Na riƙe littafin hannuna na rawa. Ya dube ni ya ce kai da na koya wa lissafi, na taɓa karɓar amsa ba tare da ka nuna min aiki ba?

Wannan ya wanke ni a dubu 600. Saura miliyan 2 da dubu 300. Kwamiti ya ce a shari'ance ba a tabbatar na ci ba, amma daga asusuna suka fita. Wasu suka ce a kai ɗan kwangila kotu, da wace takarda? Wani lauya a cikinmu ya ce alat ɗin taransifa zai iya zama hujja amma za a daɗe, kuma sai an kira shugaba shaida, nan kowa ya yi sanyi. Na je gida na ce wa matata zan sayar da fili. Ta ce Baban yara ba kai ka ci ba fa. Na ce na sani. Ta ce to don me? Na ce don in iya shiga masallaci. Ta yi kwana biyu ba ta min magana sai gaisuwa, a na uku ta ɗauko takardar filin daga ƙasan akwatinta ta ajiye min a kan filo. Har yau ban tabbata na yi daidai ba, wani lokacin ina ganin biyan da na yi kamar amsa laifi ne, kuma na sauƙaƙa wa mutum biyu abin da bai kamata a sauƙaƙa musu ba. Miliyan 2 da dubu 600 aka saya, farkon 2022. Na tura kuɗin a sabon asusun ƙungiya, wanda sai a lokacin aka yi rajistar da aka ce za ta ɗau lokaci, sati uku ta ɗauka. Na sa risit a guruf na fita.

Shekara guda ban taka makarantar ba. A 2023 sabon firinsifal ya aiko min, ashe Malam ne ya ba shi lambata, wai suna sake kafa SBMC suna neman wakilin tsoffin ɗalibai. Na ce Yallaɓai ka san labarina kuwa? Ya ce saboda shi na kira ka. Na ce da sharaɗi ɗaya, ba zan riƙe ko sisi ba.

A wannan kujerar na fara sanin yadda makaranta take tafiya, ina da shekara kusan hamsin. Muna zama da wakilin hakimi da limami da mata biyu da shugaban PTA da wani magini da ɗalibai biyu. A nan na gane kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da ake ta faɗa a rediyo daga firamare zuwa JSS 3 ya tsaya, shi ma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauka, babbar sakandare kuwa sai abin da jiha ta sako. Na gane in an ce ilimi kyauta aka hana karɓar kuɗin PTA, kuma kuɗin gudanarwa bai zo ba, alli ma firinsifal ne zai saya daga aljihunsa ko ya karɓa a ɓoye ya shiga uku in an kama shi. Na ga sunan malamai a takardar albashi waɗanda ɗalibai ba su san fuskarsu ba. Mun rubuta wa ofishin shiyya takarda sau biyar a kan malamin fiziks, kowacce na yi mata fotokwafi a shagona na sa an buga mata hatimin karɓa, a ta biyar aka turo mana wani matashi. An gyara burtsatse da kuɗin ƙungiya, cikin kuɗin filina ke nan in ka bi diddigi, mutum uku suka sa hannu kafin a fitar. Katanga har yanzu rabi.

An mai da ni guruf a 2024, ban nema ba. Na tarar ana nan ana fafatawa, lokacin a kan maganar sai ɗan shekara 18 zai rubuta jarrabawar fita, kafin nan an ce sun yi wata guda a kan koyarwa da harshen uwa. Na sa sanarwar mitin ɗin SBMC na ce duk mai hali ya zo, mutum biyu suka sa alamar babban yatsa, ba wanda ya zo. Mai saƙon murya ya same ni a wata jana'iza ya riƙe hannuna ya ce a yafi juna, na ce Allah ya yafe mana, bakina ya faɗa amma zuciyata tana bin baya a hankali. Shugaba har yau in mun haɗu yana ce min ɗan banki kamar ba abin da ya faru. Ɗan kwangila ya dawo guruf da sabuwar lamba, kowace Juma'a yana turo hoton masallaci da addu'a, ana amsa masa da amin.

Muna nan a gidan haya. Filin yana kan hanyar gidan ƙanwar matata, wanda ya saya ya gina ya sa get mai ruwan bula, in za mu wuce a Keke Napep sai ta juya kai ɗaya gefen ta ce yau garin da zafi, ni ma in ce ƙwarai kuwa.